Ƙidayar Yaran Dangoma

Duk wanda ya ce mini ƙidaya abu ne mai sauƙi, kallonsa kawai nake yi. Ɗaya, biyu, uku, wannan kowa ya iya. To je ka ƙidayo yaran gari guda ka dawo in ji. Mu mun yi, muna 'yan makarantar Dangoma, shekara biyar kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, kuma saura ƙiris makarantar ta kuɓuce mana a kan haka.

Ni ce Hajjo. Lokacin ina wajen shekara goma, baki gare ni kamar yanzu, wataƙila ma ya fi. Makarantar tamu ɗaki ɗaya ce na ƙasa da rumfa a gefe, a bakin gari ta hanyar Kalgo. Malaminmu ma ɗaya ne, Malam Abdulgani mutumin Gwandu, dogo, siriri, ko auren fari bai yi ba. Mu talatin da ɗaya ne, mata bakwai. Maigari ne ya bi gida-gida ya tsinto mu, wasu da kuka aka kawo su, wasu iyayen har suka mutu ba su yafe masa ba. Ni kam tun ranar da na riƙe alli na ga sunana ya fito a kan allo, shi ke nan na kamu. Ko zazzaɓi nake yi sai na je.

Bayan an yanke gero sai ga Malam Jibrin, mai duba makarantu, a kan kekensa. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya faɗa, ba ya kuma wasa. Ya zauna a rumfa da Malam da Maigari, mu kuma muka liƙe a jikin bango muna saurare, don ba mu jin magana. Ya ce mutanen Maruda, can ƙasar Gwandu, sun daɗe suna roƙon makaranta, malamai kuwa sun yi kaɗan. Ajinmu bai cika ba, kuma an gaya masa Dangoma ba ta da yaran da za su cika shi nan gaba. In har garin da rugagen da ke kewaye da shi ba su da yaro ɗari biyu, za a kwashe bencina da babban allo da malamin a kai Maruda. Zai gama zagayensa ya dawo a nuna masa.

Maza ba su damu sosai ba, su ana iya tura su Kalgo su zauna wurin dangi. Mu fa? Baffana, wato mahaifina, ya faɗa tun ranar farko, karatu a Dangoma ya yarda, inda in ya ƙwala kira zan ji, amma Kalgo sai dai in bi Kaka tallan nono. Na koma gida ranar nan ko fura na kasa sha.

Washegari Malam ya shigo yana murmushi kamar ba shi za a ɗauke ba. Ya ce, "Ku za ku yi ƙidayar nan, ba ni ba. Amma tukuna, ku je ku ƙidayo mini awakin da ke gindin tsamiyar can."

Muka ruga, muka dawo muna haki. Bawa, babban yaron ajinmu, wanda cikinsa ba ya taɓa cika, ya ce sha tara. Dije ƙawata ta ce sha ɗaya. Ni na ce ashirin, har da rantsuwa.

"Tsamiya ɗaya, amsa uku?" in ji Malam. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya. Ashe Bawa har da tumaki ya haɗa. Dije ta bar 'yan ƙanana, wai ba su zama awaki ba tukuna. Ni kuwa wata baƙar akuya ce mai yawon tsiya ta yi ta zagaya ni, ina ta ƙidaya ta.

"To kun gani," ya ce. "Ba wanda ya yi ƙarya a cikinku, kuma ba wanda zan iya kai maganarsa gaban Malam Jibrin. Kafin a fara ƙidaya sai an yarda a kan abin da ake ƙidayawa, kuma kowane ɗaya sau ɗaya. Yanzu ku gaya mini, wane ne yaro?"

Nan aji ya kaure. Wani ya ce har jinjirin goye. Bawa ya ce yayansa gemu ya fara fito masa amma har yanzu yaro ake ce masa a gida. Malam ya bar mu muka yi ta cacar baki, shi yana jingine da bango, sai da muka gaji muka tsaya a kan magana ɗaya da kanmu: yaro shi ne daga wanda aka yaye zuwa wanda bai fara cika azumi ba. Wannan kowace uwa ta san shi, ba sai an tambaye ta shekaru ba. Sannan ya koya mana zane. Kowane yaro sanda ɗaya, in sun kai huɗu ta biyar ta gicciye su, yadda ake ɗaure damin gero. Kowane gida da layinsa. Tambayar da za mu yi kuwa shi ya tsara ta, ya rubuta a babban allo muka haddace: "Yara nawa gare ki?"

Maigari ya sa sanƙira ya zaga gari yana shela cewa wannan ba ta haraji ba ce, ba ta jangali ba ce, ta makaranta ce. Duk da haka tsofaffi suka yi ta gunaguni, wai ƙidaya yara kambun baka ne. Malam ya ce duk gidan da muka shiga mu fara da tubarkalla kafin mu buɗe baki a kan komai. Maza kuma ba su shiga gidajen mutane, sai su tsaya a zaure da allo, ko su tafi rugage. Mu mata bakwai mu ke kutsawa har madafi. Ranar Bawa ya san muna da amfani, ni kuma ban bar shi ya manta ba.

Ni da Dije unguwarmu aka ba mu, har da gidanmu. Gidan namu ba babba ba ne, Baffa, da mahaifiyata Inno, da Kaka, uwar Baffa, wadda a ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni. Na shiga ina taku irin na ma'aikata, na sami Inno tana burga nono a ƙwarya. Na yi tubarkalla, na gyara murya.

"Yara nawa gare ki?"

Da ƙyar ta ɗago. Ta kalli Dije, ba ni ba, ta ce, "Uku."

Na zana sanda uku. Isa ƙanena, da Halima, da Fatsuma da aka yaye da damina. Daidai ne, ban ga abin gyara ba. Na wuce ɗakin Kaka na yi mata tambayar.

"Ke tahi can," ta ce. "Ni da na bar haihuwa tun ba a san ubanki zai yi gemu ba, yaran mi? Ki zana babu."

Na zana babu, muka fita muna jin daɗin kanmu. Ku da ke saurare na san kun riga kun hango abin. Mu wallahi ba mu hango ba, daga mu har malamin.

Da muka gama zaga gari da rugage, Malam ya kwafe komai a babban allo, gida-gida, muka yi ta haɗa dami da dami da murya ɗaya. Da farko da ƙarfi muke yi, da muka kusa ƙasan allo muryoyi suka fara mutuwa. Ɗari da sittin da uku. Muka sake haɗawa daga ƙasa zuwa sama, ko Allah zai sa mun yi tsallake. Ɗari da sittin da uku.

Dije ta kifa kai a benci. Can sai Bawa ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai alli na hannunmu. Sanda arba'in kafin a dama fura mun zana su. Wa zai sani?"

Ban taɓa ganin ran Malam ya ɓaci irin na ranar ba. Bai ɗaga murya ba, amma sai da Bawa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "In muka ƙara sanda guda wadda ba yaro a bayanta, sauran ɗari da sittin da ukun ma sun zama ƙarya. Mutanen Maruda ma 'ya'ya gare su. In sun fi mu yara, sun fi mu cancanta, ni da kaina zan ɗaura bencin nan a kan jaki."

Na tsane shi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Shi ko ina aka kai shi malami ne, ni ce zan koma bin ƙwaryar nono.

Ya kalli allon, sannan ya ce, "Amma ba a rufe ƙidaya sai an gwada ta da abin da aka sani tabbas. Me muka sani tabbas? Mun san ku kuna nan, ga ku ina kallonku. Manyan da suka fara cika azumi su zauna. Sauran kowa ya zo ya nemo layin gidansu, ya gaya mini sunan kowace sanda, ya ɗora yatsa a kan tasa."

Dije ta je ta samu tata, ta dawo. Wani ya je ya samu. Aka zo kaina. Na sami layin Baffa, na ɗora yatsa. Isa. Halima. Fatsuma. Sanduna suka ƙare, yatsana yana sama bai sami inda zai sauka ba.

"Ina taki?" in ji Malam.

"Babu," na ce.

"Wa ya ƙidaya gidan nan?"

"Ni."

Aji ya fashe da dariya, Bawa har da buga benci, wai Hajjo mai baki ta manta da kanta. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don na bayana ma ya nemi tasa ya rasa, haka wata yarinya daga ruga. Kafin a gama mu tara ne tsaye a gefe, ba mu cikin Dangoma.

Malam ya jera mu yana dubanmu. "Unguwarku ba ɗaya ba, wanda ya ƙidaya ku ba ɗaya ba. Me ya haɗa ku? Ku yi tunani, kuskure in ya maimaita kansa haka, dalili gare shi."

Dije ce ta yi tsalle daga benci. "Malam! Duk ɗiyan fari na!"

Malam ya ɗora hannu biyu a ka. Sai kuma ya fara dariya, ya yi ta yi har ya zauna a bakin taga yana share ido. "Innalillahi! Ni da aka raina a ɗakin kakata a Gwandu, ni na rubuta wannan tambaya! Ba wanda ya ɓoye ku, yara. Tambayata ce ba ta da ladabi."

Haka abin yake a wurinmu, kuma a zamanin ya fi yanzu tsanani. Mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. In ka tambaye ta yaranta, daga na biyu za ta fara, ba ƙarya take yi ba, kunya ce. Kakar da ke riƙon yaron kuwa ba ita ta haife shi ba, me zai sa ta lissafa shi? Sai muka faɗa tsakani, gida bayan gida, gari guda.

Kowa ya yi murna, an gano inda yara suka ɓuya. Ni ma na yi, amma tawa murnar ba ta cika ba. A cikin al'adar nan aka haife ni, ban taɓa jin zafinta ba sai ranar da na gan ta a rubuce, layin gidanmu da sanda uku, kuma da hannuna na zana. Ya yi mini ciwo ƙwarai.

Malam ya goge tambayarsa ya miƙa mana allin. "Ku kuka san iyayenku. Ku samo tambayar da mace za ta amsa gaskiya ba tare da ta ji kunya ba."

Wani ya ce a tambayi masu cin tuwon gidan. Dije ta ce ina, in aka bi ta tuwo Bawa kaɗai sai ya fito sau uku, don gida uku yake cin na dare. Bawa ya ce sharri ne, biyu ne. Daga nan muka koma kan kwana, tunda komai yawon yaro wuri ɗaya yake kwana. Kowace mace a tambaye ta yaran da ke kwana ɗakinta, maigida kuma a tambaye shi na zaure. Malam ya ƙara da cewa lokacin kaka ne, akwai yaran da suka zo taya dangi aiki, waɗannan ba namu ba ne, sai wanda ya yi damina a gidan.

Ni na kawo maganar baki. Na ce ko an gyara tambaya, wata ba za ta iya furta adadin ba in na farin yana ɗakinta. Malam ya ce to kada ta furta. Ya aike mu gindin tsamiya muka tsinto 'ya'yanta, ya auno farin wake a gidan Maigari. Ɗan tsamiya namiji, wake mace. A ajiye wa mace ƙoƙo a juya baya, ta jefa da hannunta, ba suna, ba magana. Na kowane gida a ƙulle a tsumma, a maƙala ɓawon kara da sunan maigida a jiki.

Kai, zagaye na biyu ya yi daɗi! Matan da suka yi mana gunaguni da farko su ke kiran mu ta kan zana, wai mu kawo ƙoƙon su ma su jefa. Kana juya baya sai ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan a ɗan dakata, sai ka ji wani ƙwas a hankali. A gidanmu Inno ta jefa ɗan tsamiya ɗaya da wake biyu, daidai da masu kwana ɗakinta. Kaka ta ɗauki wake ɗaya ta jefa da ƙarfi ta ce, "Ga na mai bakin nan, mai shurina cikin barci."

Muka kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya a aji, muna zanawa muna sake ƙullewa. Da muka wuce ɗari biyu Bawa ya yi ihun da ya kori awakin gindin tsamiya. Ɗari biyu da ashirin da ɗaya, maza ɗari da sha huɗu, mata ɗari da bakwai. Malam bai bari mun yi rawa ba sai da kowa ya sake zuwa ya nemo kansa. Wannan karon yatsana ya sami wurin sauka.

Bawa ya roƙi Malam a goge ƙidayar farko kafin mai dubawa ya zo. Malam ya ƙi. Ya ce duka biyun aikinmu ne, duka za a nuna.

Malam Jibrin ya dawo ranar kasuwar Kalgo, yana sauri don ya koma ya sami motar kasuwa kafin ta tashi. Ya tsaya gaban allo ya dubi lamba ta farko, ya dubi ta biyu. Malam ya yi masa bayani tun daga awaki har wake. Ya saurara, ya kwance ƙulli biyu ya duba, ya gyaɗa kai.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Kunyar ɗan fari kuma na san ta, Malam, ni ba Bature ba ne. Amma yaro hamsin da takwas ne suka ƙaru, kuma lokacin kaka muke. Kowane gida akwai jika ko ɗan 'yar uwa da ya zo daga wani gari. Kun ce kun cire baƙi, na ji, amma wake ba ya faɗin garinsu. In na sa hannu a kan wannan alhali baƙi ne, yaran Maruda na zalunta."

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ni ba baƙuwa ba ce! Wakena na ciki, kuma a garin nan aka haife ni!"

Malam ya harare ni, amma magana ta riga ta fita. Malam Jibrin ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ɗiyar fari ce?"

"Awo."

"To madalla. A gidanku za mu fara."

Kaka ta tafi Kalgo da nono tun da safe, Baffa yana fadama da shanu. Ba kowa a gida sai Inno.

Muka ɗunguma, Malam Jibrin yana tura keke, Malam da Maigari a gefensa, Bawa ɗauke da kwandon ƙulli, mu a baya. Kafin mu isa labari ya riga mu, duk zanan unguwa da kan mace a bayansa. Malam Jibrin ya tsaya a ƙofar gidanmu ya yi sallama. Muna jin daka daga ciki, sai taɓarya ta tsaya, Inno ta amsa daga bayan zana.

Ya kwance ƙullin gidanmu a tafin hannunsa. "Baiwar Allah, ƙidayar farko ta ce yara uku ne a gidan nan, ta biyu ta ce huɗu. Yarinyar nan da ke tsaye gabana, ɗiyar gidan nan ce, ko zuwa ta yi?"

Shiru.

Maigari ya ce, "Malam, ai kowa ya san..."

"Ranka ya daɗe, duk garin nan makarantar kuke so, na san abin da za ku ce. Mai ɗakin nake tambaya."

Ina hango ƙafafunta ta ƙarƙashin zana, ba su motsa ba. Ga maza a ƙofa, ga Maigari, ga matan unguwa kaf sun kasa kunne. Na san abin da ake nema a wurinta, na kuma san ba a taɓa yi ba. Malam ya matsa ya ce a jira kakar yarinyar ta dawo, Malam Jibrin ya dubi rana ya girgiza kai.

Ya jira iyakar jira, sannan ya mai da wake cikin tsumma ya ƙulle a hankali. "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Na yi miki tambayar da ba a yi wa mace, ba zan matsa miki ba." Ya juya wurin Malam. "Kowane gida muka je haka za a yi. Zan rubuta cewa ban iya tabbatarwa ba."

Ya kama kan kekensa ya juya shi. Ni kuma na cusa bakin zanena a baki na cije, don kada in yi kuka gaban Bawa. Hawaye dai ba su saurare ni ba.

Sai ƙyauren kara ya motsa. Inno ta fito bakin ƙofa, ta ja mayafi har hanci, idonta a ƙasa, hannunta duk garin dawa.

"Huɗu na," ta ce, da ƙyar ake ji.

Malam Jibrin ya tsaya.

Ta ɗaga murya. "Huɗu na, Malam. Wagga ɗiyata ta, ni na haife ta a ɗakin can, shekarar da gulbi ya ci shinkafa. Hajjo sunanta. Kada ku ɗauke mata makaranta."

Tana faɗa ta juya da gudu, har tana tuntuɓe da turmi.

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Na tsaya kamar an dasa ni, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na haɗa duka biyun.

Unguwa ta ɗauka. "La ilaha illallahu! Inno ta zubar da kunya a ƙofar gida!" Wata tana salati, wata tana dariya har tana riƙe zana. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Daga can gefe wata murya ta ce, "To tunda an fasa, ni ma Umaru nawa na, kowa ya ji!" Wata ta ce ita ma Binta tata ce, ta faɗa ta nutse bayan zana. Haka suka yi ta yi, kowace ta jefo suna ta ɓuya, 'ya'yan fari kuwa muna tsaye a tsakar hanya baki buɗe, ana ta rabon mu ga iyayenmu.

Malam Jibrin ya jingine keke a jikin zana. Ya ce wa Bawa ya rufe ido ya zaro ƙulli daga kwando, duk wanda hannunsa ya faɗa a kai. Gidan da ya fito muka je, ya tambaya, aka amsa, ya duba wake. Ya sa aka sake zarowa. Muka yi ta yawo har ruga, Bawa yana zarowa, mu mata muna shiga muna fito da yara a gan su ido da ido. Ko gida ɗaya bai saɓa ba. Motar kasuwa kam ta tafi ta bar shi, bai ko ambace ta ba.

A rumfar makaranta ya tara mu, ya zauna a kan bencin da aka ce za a ɗauke. Ya ce, "Ɗari biyu da ashirin da ɗaya. Na gani da idona, zan sa hannu. Makaranta tana nan." Sannan ya ce wa Malam ya ba shi tambayar nan ta kwana da ɗan wake da 'ya'yan tsamiya ya tafi da su, don yana zargin duk inda ya bi an bar 'ya'yan fari a waje, har Maruda.

Abin da muka yi daga nan ba karatu ba ne. Bawa ya kife kwando ya mai da shi ganga, muka zaga tsamiya muna tsalle, Dije ta rungume ni har muka faɗi. Malam yana cewa mu natsu, shi kansa bakinsa ya ƙi rufuwa. Na je na tsaya gabansa na ce na yafe masa maganar jakin nan, ya ce ya gode, Allah ya shirye ni.

Na isa gida gab da magariba. Kaka ta dawo, tun a hanya aka tare ta da labari, tana zaune a tabarma tana ta tsiya. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Na bar gida rana ɗaya, surukata ta yi shela a ƙofa! Gobe sai ki hau tsamiya ki faɗa wa Kalgo." Tana faɗa tana share ido da gefen zane.

Inno tana madafi, ta ba mu baya, ta ƙi fitowa. Na je na tsaya a bakin ƙofa, ina son in ce wani abu, ni mai baki, na rasa ta inda zan fara. Ba ta dube ni ba. Ba ta kuma sake kama sunana ba har Allah ya karɓi ranta, sau ɗayan nan ne, kuma ya ishe ni. Ta kwashe tuwo a akushi, ta zuba miya, ta ɗebo man shanu fiye da yadda ta saba ta ɗora a kai, ta tura shi gefe.

"Halima," ta ce, "ki ce wa yayarki ta ci ta kwanta da wuri. Gobe da makaranta."